Wandon Sirajuddeen

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Sirajuddeen tela a Malanville ya san abu biyu: kayansa za su zauna masa kamar da su aka haife shi, kuma ba za su fito ranar da aka yi alkawari ba. Ba lalaci ke damun mutumin ba, Allah ya sani, tun hantsi yana kan keke har rana ta faɗi. Ciwonsa shi ne, idan ya gama riga ya ɗaga ta a haske, sai idonsa ya faɗa kan ɗinki guda da ya kauce layi, wanda mai rigar ba zai gani ba har ta zama tsumma. Sai ya ɗauki reza ya farke hannun gaba ɗaya ya sake.

Daga Kamba ya zo, shi da amaryarsa Hafsat. Suka kama gida a wani lungu bayan kasuwar albasa, ya kafa kekensa a zaure. To, yadda yake da zare haka yake da magana. Idan ya hango mutum tafe, sai ya fara tsara gaisuwar a ransa, ya auna ta, ya rage nan ya ƙara can, kafin ta gama fitowa mutumin ya wuce ya sha kwana. Mutane suka ɗauka girman kai ne. Ba girman kai ba ne, tsoro ne tsagwaronsa, tsoron kada a ji ya faɗi abu a karkace.

Dandanci kuwa, harshen gari, ya yi wa kansa alkawarin ba zai buɗe baki da shi ba sai ranar da ya iya shi kamar ɗan gari. Ya sayi kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana rubuta kalmomin da ya tsinta a bakin masu kawo ɗinki, ba tare da ya tambayi kowa ba, don tambaya tana nuna mutum bai sani ba. A haka ya gano cewa "mate" na nufin "yaya", kuma "ni" a bakinsu ba ni ba ce, kai ce. Wannan ta biyun ta yi masa daɗi ƙwarai, don ya san nan ne baƙi Hausawa ke yin tuntuɓe, shi kuwa ya tsallake.

Daura da ƙofarsa, a ɗaya gefen lungun, akwai iccen mangwaro, a gindinsa kuma akwai Baba Kadiri. Tsohon masunci ne da ya bar shiga ruwa, yana zaune kullum yana gyaran koma, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, suna ajiye baburansu su zauna shan shayi a gefensa. Tsohon yana jin Hausa sarai, amma yana da ɗabi'a guda: duk baƙon da ya sauka lungun, da Dandanci zai yi ta gaishe shi har sai ya koyi amsawa. Matarsa Inna Hannatu ita ta fara yi wa Hafsat sallama a garin, ta nuna mata inda ake niƙa da inda ake sayen gawayi mai kyau. Da masassara ta kwantar da Hafsat a wata na biyu da zuwansu, ita ce ke shigowa safe da yamma da kwanon kunu.

A cikin wannan makon ne abin ya faru. Ranar Juma'a Sirajuddeen ya gama wa kansa sabon wando, yana sawa ya ga ƙafar hagu ta ɗara ta dama tsawo. Da me? Da abin da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya kai hannu ga reza ke nan aka kira salla, ɗayan wandon nasa kuma yana kan igiya a jiƙe. Haka ya tafi masallaci yana jin kamar sahun gaba da na baya duk ƙafarsa suke kallo. Huɗubar ranar dai ba za a ce ya ji ta ba.

Yana dawowa, ya kusa shiga zaure, sai muryar Baba Kadiri ta ƙetaro lungun.

"Tela, mate ni wando?"

Sirajuddeen ya tsaya cak. Kalma uku ce, biyu suna cikin kayensa, ta ukun kuwa ai ba sai an rubuta ta ba, wando ko a ina wando ne. Yaya wandonka. Ya sunkuya ya dubi ƙafar hagu, ya faɗa zaure bai amsa ba.

Abin da ya fi cinsa ma ba kunyar ba ce, mamaki ne. Yaya aka yi tsoho ya hango ƙwayar shinkafa biyu daga can? Washegari da tsohon ya tafi bakin kogi, Sirajuddeen ya rataye wandon a ƙusar ƙofa, ya taka har gindin mangwaro yana ƙirgawa, taku ashirin da uku. Ya juyo ya ƙura wa wandon ido. Shi da ya ɗinka shi, shi da ya san inda aibin yake, bai ga komai ba. Ya durƙusa daidai tsayin mai zaune, nan ma bai gani ba. Ya koma yana jinjina kai, ya ce a ransa lallai idon da ya saba ganin kifi a cikin ruwan laka ba irin na sauran mutane ba ne.

Ya farke kalmasar ƙafar, ya auna sau uku, ya sake ɗinkewa. Ranar Litinin ya fito da shi yana takawa a hankali.

"Tela, mate ni wando?"

Ya koma ciki ya tuɓe, ya bi wandon ɗinki bayan ɗinki, sai ga wata 'yar tattara a ƙubaka, inda zariya ke bi. A ƙubaka fa, wadda riga ta rufe. Nan tsoron tsohon ya fara shigarsa. Ya ɗauko shaddar da yake ajiya don salla, ya kwana huɗu a kan wando guda, ɗinkin mutane yana jibge yana jira. Da ya gama, ko shi bai sami abin cewa ba. Ranar Juma'a ya sa, ya je masallaci ya dawo, gindin mangwaro cike da mutane.

"Tela, mate ni wando?"

A ranar ne Sirajuddeen, wanda ke auna kowace kalma, ya saki magana ba awo.

"Baba," ya ce, "ka ɗauke idonka ga abin da ba naka ba."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Hannun Baba Kadiri ya daina motsi a kan koma. Tsohon ya naɗe komarsa a hankali ya shige gida. Sirajuddeen ya ga maganar ta yi nauyi fiye da yadda ya nufa, amma ya ce a ransa ai shi aka fara taɓawa.

Daga ranar Inna Hannatu ba ta sake taka gidan ba. Sauran matan lungun ma, masu leƙowa aron rariya ko kawo ɗanɗanon miya, ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Maza suna kawo ɗinki, don hannunsa ba shi da na biyu, amma daga bakin ƙofa suke miƙawa, ba mai tambayar iyali. Shi Sirajuddeen da farko har daɗi ya ji, aiki ba mai katse shi. Hafsat ce ta gane an yi wani abu.

"Malam, mi kay yi ma Baba Kadiri?"

"Izgili yay yi mani gaban mutane."

"Wane irin izgili?"

"Ba ni maimaita shi."

Ina zai iya? Ya ce wa matarsa shi tela ya fita da wando ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya? Ta leƙa ta katanga ta tambayi Inna Hannatu, tsohuwar ta ce mata kawai, "Ɗiyata, zamna lahiya da mai gidanki, mu ba mu son mu ja maki magana."

Haka aka ci wata goma sha huɗu. A ciki Hafsat ta samu juna biyu, ta yi laulayinta ita kaɗai, ta yi kwaɗayinta ita kaɗai. Da cikin ya tsufa, aka shirya yayanta Jabiru zai zo ya ɗauke ta ta haihu a gida, sai wata yamma ta zauna a bakin zaure ta faɗa masa abin da ke ranta.

"Malam, ba ka taɓa zagina ba, ba ka bar ni da yunwa ba. Amma in na tahi gida, ka sani ba ni komowa. Na gaji da gidan da ba a yi mai sallama. Wani yini ba ni jin muryar kowa sai ta kekenka."

Maganar ta soke shi, don yana son Hafsat, so ba na wasa ba. Ya buɗe baki ya ga amsar ba ta gama tsaruwa ba, ya rufe. Me ya yi? Ya ɗinka wa jaririn da ba a haifa ba riguna shida, kowace da aikin zare a wuya, ya jera mata a kan gado. Ta duba ta ce sun yi kyau, ba ta ƙara komai ba.

Naƙuda ba ta jira Jabiru ba, ta zo saura mako uku, wata safiya. Sirajuddeen ya tari mai keke mai ƙafa uku suka kai ta matarnite, asibitin haihuwa, ya zauna a benci a waje, ba mace ko ɗaya daga lungunsu a tare da su. Wajen azahar ungozoma ta fito tana goge hannu, wata mace mai jiki wadda kowa ɗanta ne, ta dube shi ta yi masa magana da harshen da ya fara zo mata.

"Ni wando hay."

Sirajuddeen ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa.

"Malam, mi kaka nema ƙasa?" ta ce da Hausa. "Na ce matakka ta haihu. Ɗiya mace, su biyu lahiya lau."

Ya yi hamdala, ya sake yi, hawaye suka cika masa ido. Ungozoma ta juya za ta koma, sai wani abu ya ja harshensa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa garin.

"Inna, mi kinka ce da farko?"

"Ni wando hay. Matakka ta haihu."

"Wando?"

"Matakka mana. Wande mata ke nan, in an ce ni wando, matakka aka nuhi. Kai shekara nawa garin ga?"

Ta shige. Shi kuwa ya koma kan benci ya zauna. Yaya matarka. Sau uku, a makon da Hafsat ke kwance da masassara, Inna Hannatu na kai mata kunu. Sai kuma ya jiyo muryar kansa a gaban 'yan shayi yana gaya wa tsoho mai furfura ya ɗauke idonsa daga abin da ba nasa ba. Ba wanda ya tuna da wando a cikin masu sauraron nan, don wanda ya tashi da harsunan biyu ba ya jin kamarsu, kowace kalma da ɗakinta a kansa. Abin da lungu ya ji shi ne baƙo ya zargi Baba Kadiri da neman matarsa.

Da suka koma gida ya faɗa wa Hafsat duka, har da ƙwayar shinkafa biyu, har da taku ashirin da uku. Ya yi zaton za ta yi dariya ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta gyara wa jaririya kwanciya a cinyarta.

"Wando," ta ce. "Wata goma sha huɗu a kan wando. To, tashi ka tai ka hwaɗa mashi."

"Za ni. Sai dai ina son in shirya maganar da kyau, in samu ma in yi ta da Dandanci, ta hi shiga rai."

Hafsat ta dube shi, ta juya fuska ga bango.

Ya ɗauko kaye. Ya rubuta ban-haƙuri ya ga ya yi tsawo, ya yage. Ya rubuta wani ya ga ya yi gajarta kamar na raini, ya yage. Shi ke hura wutar ruwan wankan jego da kansa, hayaƙi na sa shi tari, ruwan wani lokaci ya yi zafin da ba ya taɓuwa, wani lokaci ya huce. Kullum da safe kuma in ya buɗe ƙofa sai ya tarar da ɗaurin icce da ganyen wanka a jingine, ba a yi sallama ba, ba a ƙwanƙwasa ba. Ya san daga inda suke fitowa, kuma kowane ɗauri ƙara masa kunya yake yi.

Rana ta shida, ana gobe suna, Jabiru ya iso ta jirgin ruwa. Sirajuddeen yana zaure a kan takarda ta goma sha wani abu, sai ya ji ƙarar kwanoni daga ciki. Ya leƙa. Hafsat na zaune tana nuna wa yayanta, shi kuma yana zubawa a buhu: kwanonin jerenta, tukwane, har da ƙaramin turmin da ta zo da shi ranar aure. Mai tafiya wankan kwana arba'in ba ta ɗaukar turmi, wannan ko Sirajuddeen ya sani.

Ya ajiye kayen. Ya buɗe akwati ya tono wandon farko, wanda tuni ya mayar da kalmasarsa yadda take da, don ya riƙa tuna kuskurensa. Ya fita da shi a hannu bayan la'asar, gindin mangwaro cike, ya yi takun nan ashirin da uku ba ko kalma ɗaya a shirye a bakinsa. Hirar ta mutu. Ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ga wandon."

"Wane wando?"

Sai magana ta ɓalle masa, ba kai ba gindi. Ya fara daga matarnite ya koma Juma'a, ya tsallaka ƙubaka, ya dawo kaye, ya ce shadda, ya ce ungozoma, ya yi in'ina, ya maimaita abin da ya riga ya faɗa. Tun da aka haife shi bai taɓa yin magana mai muni haka ba. Wani ɗan zemijan ne ya fara ganewa, ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa. Daga bayan zana aka ji Inna Hannatu ta ce "wando" sau ɗaya, dariya ta ƙwace mata har da tari.

Baba Kadiri bai yi dariya ba.

"Matso nan, tela. Dubi idona."

Sirajuddeen ya matsa. Bai taɓa zuwa kusa da tsohon haka ba. Idanun biyu yanar ido ta rufe su, fari fat.

"Shekara biyar ke nan ba ni rarrabe mutum da icce sai ya yi magana. Kai ma da ƙarar takalminka nika gane ka. Na shekara saba'in garin ga ba a taɓa ce mani na kalli matar wani ba, sai da idon yat tahi. Na yi kwana ukku ban iya cin tuwo ba. Ni na hana Hannatu shiga gidanka, don kada ka ce aike nika yi."

"Ka yahe mani, Baba."

"Miƙo wandon."

Tsohon ya haɗa ƙafafun biyu, ya bi bakinsu da yatsun da suka saba laluben ƙullin koma. Ya bi sau ɗaya, ya sake bi, sai babban yatsansa ya tsaya.

"Ta hagu ta ɗara kaɗan," ya ce. "Ashe da gaskiyarka, akwai shi. Wanga na?"

"Shi na, Baba."

Tsohon ya riƙe wurin tsakanin yatsu biyu ya daɗe, yana girgiza kai. Sannan ya ninke wandon ya ɗora a kan gwiwarsa, ya ɗaga farin idonsa saitin muryar telan.

"To, tela. Mate ni wando?"

Sirajuddeen ya san amsar da ake bayarwa, tana cikin kaye shafi na biyu, ya sha maimaita ta shi kaɗai a zaure. Amsa ce mai kyau, ba ta da aibi ko ɗaya, tana cewa lafiya lau. Ya haɗiye ta.

"Tana haɗa kaya, Baba. Har da turmi."

Dariyar bayan zana ta tsaya. Ba a daɗe ba Inna Hannatu ta fito da mayafi a kafaɗa da ƙwaryar kunun kanwa a hannu, ba ta dubi mijinta ba, ba ta nemi izinin kowa ba, ta ƙetare lungun. A bakin zauren ta tsaya ta ɗaga murya ta yi sallama cikakkiya.

Sirajuddeen yana durƙushe yana kallon ƙofar gidansa. Ƙarar kwanonin da ke fitowa daga gidan ta ɗauke. Sai can muryar Hafsat ta fito, ta amsa sallamar, ta ƙara da wata kalma guda ta Dandanci da bai taɓa sanin ta iya ba.

"Kubayni, Inna."

Tsohuwar ta shige. Jim kaɗan aka ji an dire wani abu mai nauyi a tsakar gida, irin ƙarar da turmi ke yi in ya koma mazauninsa.

Sirajuddeen ya share fuska da hannun riga. Kalmar ba ta cikin kayensa. Ya dubi 'yan shayi, duk shi suke kallo, ya dubi tsohon.

"Baba, mi a kubayni?"

Baba Kadiri ya jawo komarsa gefe, ya buɗe masa wuri a kan tabarma.

"Zamna," ya ce. "A zuba mai shayi. Ka hwaɗe ta tukuna in ji yadda za ka ɓata ta."